Hutun ƙarshen mako a wurin shaƙatawa na alfarma ba tare da ka bar ƙasarka ba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da mutane suka fi maimaitawa duk sanda aka tashi maganar zuwa a huta kwana biyu a wani wuri mai kyau a cikin gida. Wasu na kuɗi ne, wasu na yara, wasu kuma na mutanen da suka je suka dawo a gajiye fiye da yadda suka tafi. Na jero su daga mai sauƙi zuwa mai ɗan zurfi.

Wai meye bambancin wurin shaƙatawa da otal ɗin da muka saba sauka?

Otal na cikin gari wurin kwana ne, ka ajiye jaka ka fita sabgarka ka dawo da dare. Shi kuma wurin shaƙatawa an gina shi ne yadda ba sai ka fita ba, abinci yana ciki, wurin ninƙaya yana ciki, ga lambu, ga sashen tausa, ga wurin motsa jiki, wani ma har da wurin wasan yara da mai kula da su. Galibi zaka same shi a bakin ruwa ko kan tsauni ko gefen daji, nesa da hayaniya. Kenan kuɗin da kake biya ba na gado bane kawai, harda filin da shirun da hidimar.

Kwana biyu kacal, anya zai hutar da mutum kuwa? Ba asarar kuɗi bane?

Yana hutarwa, amma fa sai in ka bar shi ya zama hutu. Abin da yake kashe mutane shine su ɗauki kwana biyun su cusa masa abin sati guda, da asuba a hau kwalekwale, da hantsi a hau doki, da rana a je kallon wani wuri, da yamma a ɗauki hotuna, sai ranar Lahadi ta yi kaga mutum ƙafafunsa na ciwo yana cewa wai hutu ya je. Ni dai shawarata abu ɗaya tak zaka tsara a rana, sauran lokacin ka bar shi haka nan, kayi bacci, ka zauna a baranda, ka ci abinci ba tare da kana duba agogo ba.

Akwai ma wani abu da masu bincike suka gano, Jessica de Bloom da abokan aikinta a ƙasar Holan sun bibiyi ma'aikata kafin hutu da bayansa, suka ga walwalar da mutum ke samu tana gushewa da wuri, sau tari cikin makon farko da komawa aiki, ko da kuwa hutun mai tsawo ne. Toh kaga wanda yake ɗan fita kwana biyu sau uku ko huɗu a shekara bai yi asara ba in aka haɗa shi da wanda ya tara komai sai sau ɗaya.

Me yasa ba zan haɗa kuɗin na fita waje kawai ba?

Saboda lokaci. Fita waje na buƙatar fasfo, wani lokacin biza, canjin kuɗi, a je filin jirgi awa 3 kafin tashi, layin shige da fice, in kuma ƙasar akwai bambancin lokaci jikinka ma bai gama gane dare da rana ba sai a ce ka tashi a koma. A cikin gida kuwa yarenka ne, kuɗinka ne, layin wayarka na aiki, in wani abu ya taso a gida cikin ƴan awoyi ka iso. Kuɗin jirgin da ka tsira da shi sai ka zuba shi a ɗaki mai kyau. Fita waje a bar shi sai an samu sati ɗaya ko fiye.

Wane irin nisa ya kamata na duba?

Wannan tambayar ta fi zaɓen otal ɗin kanshi muhimmanci kuma mutane basa ɗaukarta da nauyi. In tafiyar ta haura awa 3 zuwa 4 a mota toh ka cinye kaso mai yawa na hutun a hanya, zuwa da dawowa. Lissafa daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar ɗakin, ba abin da taswirar waya ta nuna maka da tsakar dare ba, domin ranar Juma'a da yamma kowa fita yake kuma cunkoso na iya ninka lokacin. In da hali ka nemi a sallame ka daga aiki da rana ka kama hanya da ido, ka isa kafin rana ta faɗi, tuƙin dare a hanyar da baka sani ba ba hutu bane. Mai tuƙi kuma ya riƙa tsayawa duk bayan kamar awa 2 ya miƙe ƙafa.

In an ce tauraro biyar shikenan an gama magana ko?

A'a wallahi. Babu wata hukuma guda ɗaya a duniya da take raba taurarin nan. A wasu ƙasashen gwamnati ce ke bayarwa, a wasu ƙungiyar masu otal, a wasu kuma mai wurin ne kawai ya rubuta a allonsa. A Turai akwai Hotelstars Union da aka kafa a 2009 don a daidaita ma'auni tsakanin ƙasashe da dama, sannan akwai Forbes Travel Guide da ya faro tun 1958 wanda yake tura masu duba wuri a ɓoye kamar baƙi. Ko Burj Al Arab na Dubai da aka buɗe a 1999 ana ta ce masa mai tauraro bakwai, babu wani ma'auni a hukumance da ya kai bakwai.

Kuma taurari yawanci kayan da ke wurin suke ƙirgawa, akwai lif, akwai risepshan dare da rana, girman ɗaki kaza. Basa gaya maka ko katifar ta lotsa ko ma'aikatan na da fara'a. Wannan sai a bakin waɗanda suka kwana, duba amsa ta gaba.

Hotunan intanet duk suna da kyau, ta yaya zan gane na gaskiya?

Ka bar hotunan da otal ɗin ya ɗora, ƙwararre ne ya ɗauka da kyamarar da ke faɗaɗa ɗaki, wataƙila ma tun shekarar da aka buɗe wurin. Je ka Google Maps ko Tripadvisor ko Booking.com ka nemi hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, musamman na banɗaki, don banɗaki baya ɓoye tsufan wuri, zaka ga bakin tayil ya yi baƙi ko kan shawa ya yi tsatsa. Sai ka jera ra'ayoyin daga na kwanan nan, na wata 3 zuwa 6 da suka wuce, domin wuri na iya canza manaja ya lalace ko ya gyaru.

Kar ka tsaya kan masu yabo sosai ko masu zagi sosai, na tsakiya sun fi faɗin gaskiya. In mutum ɗaya yace ruwan zafi baya zuwa ƙila tsautsayi ne, amma in mutum biyar da basu san juna ba suka faɗa toh ka yarda. Ka duba kuma yadda otal ɗin ke amsa ƙorafi, wanda yake faɗa da baƙonsa a bainar jama'a haka zai yi maka.

Ta manhaja zan kama ɗaki ko na kira su kai tsaye?

Yi duka biyun. Fara da manhaja don ka ga farashi ka kwatanta, sannan ka kira wurin. Manhajojin nan kamasho suke karɓa a hannun otal kan kowane ɗaki, sau da yawa wajen kashi 15 cikin 100 ko sama, don haka in ka zo kai tsaye suna da sararin da zasu rage maka ko su ƙara maka karin kumallo ko su ɗaga ka zuwa ɗakin da ya fi. Manyan kamfanoni irin su Marriott da Hilton kuma suna da tsarin mambobi na tara maki da ake shiga kyauta, kuma yawanci maki baya hawa sai in ta wajensu ka kama.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, lambar da zaka kira ka ɗauko ta daga shafin otal ɗin na ainihi. Ƴan damfara na buɗe shafin bogi a Facebook da Instagram da hotunan wuri na gaske, su ce ka tura kafin alƙalami a asusun wani mutum. Otal na alfarma baya karɓar kuɗi a asusu mai sunan mutum ɗaya. Kuma duk abin da aka yi maka alkawari a waya ka ce a turo maka a rubuce.

Yaushe ya fi sauƙin kuɗi?

Farashin ɗaki hawa da sauka yake da yawan masu nema. Daren Juma'a da Asabar sun fi tsada a wuraren shaƙatawa, haka lokacin hutun makaranta da ranakun bukukuwa. In aikinka zai bari ka ɗauki daren Lahadi da Litinin zaka ga bambanci a kuɗi, ga wurin ninƙaya kusan kai kaɗai. Makonnin da ke dab da lokacin cikar jama'a ko bayansa kaɗan su ma suna da daɗi, yanayi bai ɓaci ba kuma jama'a sun ragu.

Sun bani zaɓi, ɗaki da karin kumallo, ko da abinci biyu, ko komai a ciki. Wanne zan ɗauka?

Tsarin dai kusan huɗu ne ko'ina: ɗaki da karin kumallo, ɗaki da karin kumallo da abincin dare, ɗaki da abinci sau uku, sai kuma wanda ka biya sau ɗaya komai ya shiga harda abin sha da wasu wasanni. Wannan na ƙarshen kamfanin Club Med ne ya yi fice da shi tun da ya buɗe sansaninsa na farko a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen a 1950.

In wurin a keɓe yake babu inda zaka fita ka ci, ɗauki mai abinci biyu ko mai komai, don in kana biyan kowane faranti daban zaka sha mamaki ranar tafiya. Amma kayi wa kanka adalci, yawancin mutane in suka ci bufe na safe suka ƙoshi basa neman na rana. Wanda kuma baya shan giya ya lura, kaso mai tsoka na kuɗin tsarin komai a ciki na abin sha ne, kenan kana biya wa wasu, tambaye su ko suna da tsarin da babu ita. In kuma akwai abin da baka ci saboda lafiya ko addini ka faɗa musu tun ranar da ka kama ɗaki, ba sai ka zauna a tebur ba.

Waɗanne kuɗaɗe ne suke ɓoyewa sai ranar tafiya?

Nan ne hutu ke ɓaci ga mutane da yawa. Farashin da ka gani da manyan lambobi wani lokacin babu haraji a ciki, babu kuɗin hidima, kuma su biyun in suka haɗu ba ƙaramin abu bane. Wasu wuraren suna da wani kuɗi na daban da suke ɗorawa kowane dare wai na amfani da wurin ninƙaya da wayifai ko ka yi amfani ko baka yi ba, wannan ya yi ƙaurin suna a Amurka musamman Las Vegas. Sai ƙaramin firij ɗin ɗaki, ruwa da lemo da cakulan ɗin ciki na sayarwa ne kuma da tsada, wasu firij ɗin ma da zarar ka ɗaga kwalba na'ura ta rubuta maka. Ga wankin kaya, ga kai abinci ɗaki, ga wurin ajiye mota, ga ƙarin gado na yaro.

Maganin abu ne mai sauƙi, ka ce musu: "don Allah ku rubuto min jimillar abin da zan biya gaba ɗaya, da haraji da komai, na mutum kaza dare kaza." Ranar tafiya kuma ka karɓi takardar lissafin ka karanta layi layi kafin ka miƙa kati, ana yin kuskure a saka maka abincin wani ɗakin.

Na biya komai amma sun sake riƙe min kuɗi a kati da na iso, cuta ce?

Ba cuta bace, kuɗin ajiya ne, suna riƙewa ne saboda abin da zaka iya ci ko ka lalata. Ba cirewa suka yi ba, toshewa suka yi, in baka taɓa komai ba za a sake shi. Matsalar ita ce sakin na iya ɗaukar ƴan kwanaki, wani bankin har sati biyu, kuma in katin asusunka na yau da kullum ne ba zaka iya taɓa kuɗin ba a tsawon lokacin. Tambayi adadin tun kana gida, haɗa shi da tambayar jimillar da na faɗa a sama, kuma ka riƙe rasit.

In wani abu ya taso na fasa fa?

Ya danganta da farashin da ka zaɓa. Mai rahusa yawanci ba a mayar da kuɗi ko me ya faru. Mai ɗan tsada kuma ana bari ka fasa kyauta har zuwa awa 24 ko 48 kafin ranar, wasu wuraren a lokacin cika sai sati ɗaya ko biyu. Mai ƙananan yara ko mai aikin da ake iya kiransa kowane lokaci ya ɗauki mai sassauci kawai. In ka riga ka biya wanda ba a mayarwa, kira ka roƙi a ɗaga maka rana maimakon ka nemi kuɗi, sun fi yarda da hakan.

Wane ɗaki zan nema?

Mai shiru. Ɗakin da ke kusa da lif, ko saman kicin, ko kallon wurin da ake kiɗa da dare, ko kusa da janareta da injinan sanyaya gini, duk kyansa ba zaka yi bacci ba. Nemi na sama kuma can ƙarshen layi. Tambaya mafi amfani da mutane ke mantawa ita ce, akwai biki ko taron kamfani a wurin a wannan ƙarshen makon? Wuraren nan da taruka suke samun kuɗi sosai, kuma ba zasu faɗa maka ba sai ka tambaya.

Ka kula da kalmomi kuma, ɗakin da aka ce yana kallon ruwa daban, wanda aka ce ana hango ruwa ta gefe daban, wannan na biyun sai ka leƙa ta baranda ka karkata wuya. A hutun kwana biyu da zaka yi yawancinsa a ɗaki, ni ina ganin ƙarin kuɗin baranda mai kallo mai kyau ya fi na girman ɗaki amfani.

Ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake fita?

Yawanci shiga daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, fita ƙarfe 11 na safe ko 12. In ka iso da wuri zasu ajiye maka kaya kuma galibi zasu barka kayi amfani da wurin ninƙaya da gidan abinci, don haka ka ware ƙaramar jaka da abin da zaka buƙata. Ƙarin lokacin fita kuma ka nema tun daren Asabar cikin ladabi, ranar Lahadi sun fi bayarwa tunda masu shigowa basu da yawa.

Mu tafi da yara ko mu bar su? Maigida yace a tafi da su, ni kuma hutu nake so.

Ƴar uwa maganarki gaskiya ce, uwa da ƙananan yara a otal aikin gida ne aka canza masa wuri in ba a shirya ba. Ku zauna da maigidan ku fara yanke wane irin hutu ne, na iyali ko na ku biyu, don wuraren ma sun rabu, akwai na iyali masu sashen yara da ma'aikatan da ke kula da su, akwai kuma na manya zalla da basa karɓar yara sam. In za a tafi da su toh a raba aiki a fili, shi ya riƙe su da safe ke ki huta, ke ki karɓa da yamma.

Maganar ruwa kuma ba wasa. Yaro in yana nutsewa baya ihu baya fantsama ruwa yadda ake zato, shiru yake tafiya cikin ƙanƙanin lokaci, ko a ruwa mara zurfi. Ƙaramin yaro ya kasance inda hannunki zai kai gare shi, kuma wanda ke tsaron ya ajiye waya. Robar da ake hurawa a saka a hannu ba ta maye gurbin ido, kuma ba kowane wuri ke da mai ceto ba.

Ban taɓa shiga wurin tausa ba, me zan sani?

Kama lokaci tun kafin ka iso don na ranar Asabar da wuri yake cika. Yawanci minti 60 ne ko 90. Kana da damar zaɓar mace ko namiji ya yi maka, ka faɗa tun wajen kama lokacin, kuma ana rufe jiki da tawul sai inda ake aiki a kai. In hannun ya yi nauyi ka yi magana, ba jarumta bace ka daure. Zasu baka takarda ka cike game da lafiyarka, ka faɗi gaskiya, mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya fara jin ta bakin likitansa. Ɗakin surace mai busasshen zafi yana kaiwa digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Celsius, minti 10 zuwa 15 ya isa, ka sha ruwa kafin da bayan, in ka ji jiri ka fito nan take.

Na biya gado mai tsada amma daren farko na kasa bacci, lafiya kuwa?

Lafiya lau. Sananniyar aba ce ga masu nazarin bacci, a 2016 masu bincike a jami'ar Brown ta Amurka suka nuna cewa a daren farko a baƙon wuri ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, na hagu, baya nutsawa sosai, yana nan yana sauraron motsi kamar mai gadi. Dare na biyu yake sakin jiki. Shi yasa dare ɗaya tak baya isa, kuma shi yasa na nace kan ɗaki mai shiru a amsar zaɓen ɗaki. Ja labule ya rufe ruf, rage sanyin esi zuwa inda jikinka ya saba, bar shan kofi daga la'asar, wanda kuma ya saba da filonsa ya taho da shi, ba abin kunya bane.

Oga baya daina kira, ya zanyi da waya?

Tun ranar Alhamis ka gama abin da zai iya biyo ka, ka gaya wa wanda ya dace cewa baka nan sai Litinin kuma ga wanda zai tsaya maka. Kashe sanarwar imel da guruf ɗin ofis na WhatsApp. In dole ne sai ka duba, ware minti 15 sau ɗaya a rana, bayan nan wayar ta koma cikin akwatin ajiya na ɗaki. Ƴan gida kuma ka basu lambar risepshan saboda larura. Hotuna ma a ɗauka a ajiye, a ɗora in an dawo, don da ka ɗora zaka koma duba wa ya gani wa ya yi magana.

In na tarar da abin da bai yi min ba fa?

Faɗa a take, kar ka bari sai ranar tafiya. Esi baya sanyi, zanin gado da tabo, maƙwabta na hayaniya, ɗauki hoto ka kira risepshan, in ba a gyara ba cikin lokaci ka nemi manajan da ke bakin aiki. Yi magana a natse kuma ka faɗi abin da kake so ƙarara, a canza ɗaki ko a rage kuɗi. Wanda ke tsaye a gabanka yawanci ba shi ya jawo matsalar ba. Wanda kuma ya kyautata maka ka riƙe sunansa ka ambace shi wajen manaja, in ana ba da tukwici a wurin ka bashi a hannunsa.

Ranar dawowa fa, na tsaya har dare don na ci kuɗina?

Kar ka yi. Kama hanya da rana ka isa gida da sauran haske, ka samu awa biyu uku ka warware jaka, ka yi wanka, ka kwanta da wuri. In zaka iya, kar ka saka wani taro mai nauyi safiyar Litinin. Kafin ka miƙa makulli ka buɗe akwatin ajiya da durowoyi, ka leƙa bayan ƙofar banɗaki, ka duba soket ɗin gefen gado don caja ita aka fi mantawa. Sannan ka tambayi risepshan ko sun saki kuɗin ajiyar da muka yi magana a kai, su baka shaida a rubuce.